Potiskum: Lambun da Ke Tafiya a Bayan Gingimari

Daga Kano zuwa Potiskum tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta Wudil da Shuwarin da Azare, kuma rabin abin da matafiyi zai kalla a wannan hanya bayan manyan motoci ne. Ƙaramar mota takan ɗan jima a bayan gingimari kafin direba ya samu sararin wucewa, to a wannan jiran ne ido ke sauka kan zane. Ga masallaci mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu. Ga zaki ya danne barewa, ga gaggafa ta ware fukafukai, ga mahayi cikin rawani ya ja linzami doki ya miƙe da ƙafa biyu. A can sama an rubuta "Hassada ga mai rabo taki", a ƙasa kusa da lamba kuma an roƙi Allah ya kiyaye hanya.

Akwai wani zane da ke yawan dawowa, wanda ba a cika kula da shi ba saboda babu faɗa a cikinsa. Lambu ne: itatuwa uku ko huɗu masu duhun ganye, shuɗin ruwa a gabansu, ɗan gida mai jan rufi, wani lokaci har da ɗawisu ko agwagwa. In da rani ake tafiyar, mutum zai ɗauke ido daga wannan kore shar ya leƙa ta taga, ya ga gonakin da aka girbe sun yi fari fat, sai karan gero da ƙaya da kukoki babu ganye ko ɗaya. Motar na ɗauke da buhuna ko ta sauke shanu ta juyo, tana tafe da lambunta a baya, kuma da yawa daga cikin irinta gida suke komawa, wato Potiskum.

Garin mahaɗar hanyoyi ne. Ta yamma hanyar Kano ce, akwai wadda ta fito daga Bauchi ta Darazo, akwai ta Gombe da ta ratso Fika, akwai ta Gashuwa da ta bi ta Jakusko, sannan ta gabas wadda ke kai mutum Damaturu bayan kimanin kilomita 100, ta zarce Maiduguri. Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamo da Fulani da Barebari da Hausawa duk suna nan, Hausa ce kuma harshen ciniki. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a ranar 27 ga Agustan 1991, Damaturu ce ta zama hedikwata, amma kasuwa ba ta bi gwamna ba, ta yi zamanta a Potiskum. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000, kuma duk wanda ya ga yadda unguwanni suka bazu tun daga lokacin ya san adadin ya wuce nan nesa.

Baƙon da ke son ya fahimci dalilin yawan motocin, ya shiga kara ranar Laraba. Wannan kasuwar dabbobi na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Tun da sassafe ƙura ke tashi, jajayen shanu masu dogon ƙaho a nan, farare a can, raguna da awaki da raƙuma kowa da ɓangarensa. Dillalai na riƙe da sanduna suna zagaya bijimi, ana tayawa ana albarka, har a kai ga sallamawa a biya la'ada. Kafin la'asar an fara lodi. Ana jera shanu a cikin bodi, a ɗaure ƙaho, a ɗora katako a sama inda masu rakiya za su zauna, sai mota ta kama hanyar Legas ko Fatakwal ko Anaca, tafiyar kwana da kwanaki. Kasuwar hatsi ma haka take fitar da gero da dawa da wake. Motar da ta je Kudu kuma ba ta dawowa hannu rabbana.

Kowace mota ɗaya gidaje da yawa take ciyarwa: direba da yaron mota, ɗan kamasho a tasha, bakanike, mai walda, mai faci, kafintan da ke haɗa bodi. Na ƙarshe a layin, wanda sai kowa ya gama nasa ake kira, shi ne mai fenti.

A bakin gari ake samunsa, a garejojin da ke gefen manyan hanyoyi, inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon man inji. Ba shi da shago na a zo a gani. Kayan aikinsa duka suna shiga buhu ɗaya: burushi manya da ƙanana, wasu ya rage musu gashi da reza don su yi siririn layi, alli, zare, kwalayen da ya huda ya fitar da fure ko tauraro, sai gwangwanayen madara da na tumatir da yake dama launi a ciki. Fentin da yake saye bai wuce kala biyar ba, ja da rawaya da shuɗi da fari da baƙi. Koren da ke ɗaukar ido a hanya shi yake haɗa shi, shuɗi da rawaya, yana ɗigawa yana juyawa da tsinke, yana gwadawa a bayan hannunsa har ya yi masa.

Baƙo ya yi sallama, ya ce sannu da aiki, Malam ya amsa daga kan durom ɗin da ya taka ba tare da ya waiwayo ba, don layin da ya ɗauko bai kai ƙarshe ba. Kallon aikin kansa abin zama ne. Da fari yara sun goge katakon sun shafa fentin ƙasa, ya bushe. Sai ya shafa wa zare alli, yaro ya riƙe can shi ya riƙe nan, ya ja tsakiyar ya saki, layi ya fito a miƙe. A cikin wannan iyaka yake fitar da surar da alli, babu takarda a hannunsa, babu hoton da yake kwafa. Sararin sama yake fara cikewa, daga shuɗi mai duhu a sama yana sassautawa da fari har ya iso inda ƙasa ta fara. Ruwa ya biyo baya. Itatuwa sai can ƙarshe, kuma ganyen ba shafa shi yake yi ba, dangwala bakin burushi yake yi, kore mai duhu tukuna, sannan mai haske a gefen da ya ga dama rana ta fito. Da hunturu dole ya yi sammako, domin in iska ta taso da hantsi ƙura za ta manne a ɗanyen fenti, aikin yini ya lalace. Da bazara kuma fentin ne ke bushewa a bakin burushi, sai ya riƙa tsoma shi a kananzir.

Rubutu ya fi zane wuya, domin kuskurensa kowa na gani. Gwani yakan ƙirga haruffa ya fara daga tsakiya, don kada kalmar ƙarshe ta matse a lungu. Kuma akwai ladabi a ciki. Sunan Allah da salati a goshin mota ake sa su, can sama inda taɓo ba ya kaiwa. Karin magana da habaici su ke sauka ƙasa, har kan robar da ke lilo a bayan taya.

Mai mota ne ke zaɓen abin da za a zana, kuma a nan ne asirin lambun yake. Wani Alhajin zaki yake so, don a san motarsa ba ta tsoron hanya. Wani kuwa ya ji malamai sun yi magana kan zana surar abu mai rai, ba ya son ɗaukar alhaki a kan dukiyar da yake neman albarka a cikinta, sai ya ce a yi masa masallaci, ko a yi masa itatuwa da ruwa. Shi kuma mai fenti, wanda tun yana makarantar allo aka siffanta masa gidan Aljanna da inuwa da 'ya'yan itace da ƙoramu, ba ya buƙatar a faɗa masa yadda wurin hutu yake. Haka mutumin da ya tashi a ƙasar da ruwan sama ke yin wata huɗu ya ɗauke ya zama gwanin zana tafki.

Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fannin fasaha a garin, amma yawancin masu wannan sana'a ba a aji suka koye ta ba. Wani da gawayi ya fara a bangon gidansu, ana dukansa yana komawa. Wani a tsangaya ya ga yadda ake yi wa allon sauka zayyana, ya iya riƙe alƙalami da tawada mai launi, daga nan hannunsa ya faɗa. Wani wankin burushi ya yi wa wani maigida shekara da shekaru, ba a taɓa zaunar da shi an ce ga yadda ake yi ba, ido ne kawai da maimaici, sai ranar da maigida ya yi tafiya aka miƙa masa gwangwani. Daga allon shago da lambar Keke Napep ake hawa zuwa bodin roka, tsohuwar Marsandin nan mai dogon hanci, sannan tirela. Wanda ya duba gefunan zanen da kyau zai ga danginsa: dagi irin na fuskar soro, tsinin aska irin na wuyan babbar riga, layuka masu karkace irin na ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa. Tsohuwar fasahar ƙasar ce ta samu sabon bango mai taya.

Abin da ke damun mai kallo shi ne ƙarshen aikin. Zanen da aka yi kwanaki ana yi zai fita gari ranar da ya bushe, wanda ya zana shi ba zai ƙara ganinsa ba sai dai a gilme. Rana da ruwan Kudu za su cinye launin cikin 'yan shekaru, a sake shafe shi da wani. In mota ta faɗi, katakon ya zama itacen girki. Wasu kan sa laƙabinsu da ƙananan haruffa a kusurwa, da yawa ko wannan ba sa yi. Mutanen Ibadan da Inugu sun ga aikin masu fentin Potiskum fiye da yadda matan Potiskum da 'ya'yansu suka gani, domin gareji ba wurin zuwan iyali ba ne.

Sana'ar kuma tana fuskantar matsi. Sababbin motocin da ake shigowa da su daga Sin da bodin ƙarfe suke zuwa, na manyan kamfanoni launi ɗaya ake yi musu da tambarin kamfani, babu wurin zaki balle lambu. Ga masu sitika, waɗanda kwamfuta ke yanka musu hoto cikin sa'a guda a manna. Ya fi sauri, sau da yawa ya fi araha, sai dai zakin da ke motar Alhaji wane shi ne a motar maƙwabcinsa, gashi ɗaya bai bambanta ba. Yaron da a da zai zauna wankin burushi, yau shagon sitika yake nufa, kuma ba a ga laifinsa ba.

Da azahar ta yi, zafi ke korar baƙo daga gareji. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a wannan yanki, kowa inuwa yake nema. Inuwar Potiskum kuwa ta maina ce, wadda Kanawa ke kira darbejiya, itacen da aka shigo da shi lardin Borno a 1928 ya kama ƙasar tamkar a nan aka halicce shi. A gindinsa mai shayi yake, da mai yankan farce, da majalisar dattawa a kan tabarma, da 'yan acaɓan da a yanzu suka koma Keke. Inuwa ce mai rai, amma ta maza ce kuma ta bakin titi. Uwa da ke son ta fita da 'ya'yanta ranar Juma'a da yamma, su zauna a kan ciyawa nesa da hayaƙin mota, ita ce zaɓinta ya yi kaɗan.

Gari ne kuwa da ya san darajar ajiye tarihi. A 1924 aka dawo da hedikwatar masarautar Fika daga garin Fika zuwa nan, zamanin Moi Muhammadu Ibn Idrissa, kuma fadar tana da gidan tarihi inda aka adana kayan yaƙi da na sarauta na Bolawa. Sarki na yanzu, Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa, ya hau a 2009, shi ne kuma shugaban majalisar sarakunan jihar. Masarautar Pataskum ta Ngizimawa ita ma tana da tata fadar da nata tarihin. A arewa da garin, a ƙauyen Dufuna da ke ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi mai suna Malam Ya'u yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tone, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Yana Damaturu yanzu. Wanda ya sassaƙa shi ya fere bakinsa da kyau irin na mai son aikinsa, kuma shi ma babu wanda ya san sunansa. Ƙasa ce ta ajiye masa aikin. Mai fentin gareji ba shi da ko wannan gatan.

Tsofaffin garin da suka yi zamanin da Maiduguri ce babban birninsu suna tuna lambun Sanda Kyarimi, wanda aka buɗe a 1970 aka sa masa sunan Shehun Borno Umar Sanda Kyarimi. Itatuwa ne da namun daji a tsakiyar birni, kuma har yau in Sallah ta zo yara cikin sababbin kaya kan yi dafifi a ƙofarsa. Duk wahalar da Maiduguri ta sha, wannan wuri ya ci gaba da zama inda iyali ke zuwa su sha iska. Potiskum ma ta sha nata rabon. An kai wa kara hari a watan Mayun 2012 aka kashe gomman mutane, an tayar da bam a taron ɗaliban makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati a ranar 10 ga Nuwamban 2014 aka rasa yara sama da 40. Garin ya binne 'ya'yansa ya koma kasuwa, domin dole a ci abinci. Mutanen da suka ga irin wannan sun cancanci wurin da za su zauna ba don saye ko sayarwa ba.

Haɗa lambun jama'a da hannun wanda bai yi makarantar zane ba, an taɓa yi a wani wuri, kuma ya yi kyau. A Indiya akwai birnin Chandigarh, wanda aka zana aka gina sabo fil bayan rabuwar ƙasar da Pakistan a 1947. Wani ɗan gudun hijira mai suna Nek Chand ya samu aikin duba hanyoyi a can. Daga 1957, in ya tashi daga aiki sai ya hau kekensa ya bi juji da kangayen ƙauyukan da aka rushe, yana tsintar fasassun tangaran da awarwaro da duwatsu da tarkacen kayan lantarki, yana kai su wani kwari a cikin dajin gwamnati. Shekara 18 yana gini a ɓoye. Da hukuma ta gano a 1975, wurin ya kai eka 12, kuma bisa doka rushe shi ya kamata a yi. Jama'ar birnin suka tsaya masa. A 1976 aka buɗe wurin ga kowa, aka yanka masa albashi, aka ba shi leburori 50. Kafin ya rasu a 2015 lambun ya kai eka 40, da magudanan ruwa da lunguna da bangaye masu ado, dubban mutane na shiga kullum. Mutum-mutumi ne suka fi yawa a nasa, abin da ba zai karɓu a Potiskum ba, kuma ba a buƙatarsa. Abin ɗauka shi ne hukuma ta ga gwani a cikin ƙaramin ma'aikaci ta ba shi fili.

Ba sai an je Indiya ba ma. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, manomi kuma magini Falke Barmu ne jama'a suka ɗora wa ginin masallacin Juma'a a 1962. Da ƙasa da itace ya gina, kowane gida na kawo gudummawar ruwa ko tubali ko hatsi. Daga baya ya sake rufin da bakan gizo da ƙubba, ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da irin adonta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu digiri na duniya ke nema. Bahaushen ƙauye ne, an dai yarda da shi an ba shi aikin da zai zauna wuri ɗaya.

Wannan shi ne abin da masu fentin Potiskum ba su samu ba: bangon da ba ya tafiya. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin garin ba. Fili mai katanga, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, mai gadi da mai ban ruwa da za a riƙa biya a kan lokaci. Yobe na cikin jihohi 11 da ke wani shiri na dasa itatuwa don tare hamada, saboda haka dashe ba zai gagara ba, kuma bai kamata a tsaya kan maina kaɗai ba alhali ga tsamiya da maɗaci da kanya da dabino. Katangar kuma a raba ta gida-gida, a ba kowane gwani nasa, a biya shi kuɗin aikinsa, ya rubuta cikakken sunansa da shekara a ƙasa. Tsofaffin ƙyauren bayan roka da ke jibge a garejoji, waɗanda zanensu bai gama gogewa ba, a sayo su a kafa a ƙarƙashin rumfa kafin a faskara su. Ɗaliban kwalejin garin za su iya zagayawa da waya su ɗauki hoton motocin, su zauna da dattawan sana'ar su rubuta wa ya koya wa wa.

Gwamnatin jiha ta riga ta ɗauko aikin gina wa manyan motoci tashar kansu a Potiskum, wanda ke nuna an san abin da suke kawo wa garin. Masu motocin kuwa, waɗanda kowannensu ya taɓa tsayawa a gareji yana cewa a ƙara masa kore a nan, a faɗaɗa ruwan can, suna da ƙungiya kuma suna da hali. In su da fadojin biyu da ƙaramar hukuma suka sa hannu, damina biyar ta isa dashen ya yi inuwar zama. Masu burushin suna nan a bakin hanyar Kano da ta Damaturu, wasunsu furfura ta fara yi musu yawa. A neme su tun hannunsu bai fara rawa ba.